Ɗari Biyu Ba Biyu

Litinin, 6 ga Oktoba

Ka yi haƙuri littafina, ba don surutu na saye ka ba. Shekara goma sha huɗu lamba kawai nake zuba maka: rana, ƙungiyar da aka kara da ita, ƙwallo nawa ƙanena Auta ya ci. Yau dai ba ni da wanda zan faɗa wa.

Sun kai wasan ƙarshe, Asabar ta sama. Tun safe rediyo ke yayatawa: Auta na da ƙwallo 199, saura ɗaya ya cika ɗari biyu, abin da wani ɗan hoki bai taɓa yi ba a gasar. Ni kuma a nan 198 ce. Na bi da yatsa layi-layi har sau uku. 198.

Talata, 7 ga Oktoba

Na gano inda muka rabu. Shekara shida baya, ranar da aka yi wasa cikin ruwa. Ina wurin, a bencin da ke daura da raga. Auta ya bugo daga wajen da'irar gaban raga, abokinsa Dogo ya miƙa sanda, ƙwallon ta goge ta, ta shige. A hoki kuwa, in ba a taɓa ƙwallo a cikin da'ira ba, ba ci ba ne. To ko dai ta Dogo ce, ko ba ta kowa ba. Mai rubutu a tebur sunan Auta ya sa. A gefen shafin ga hannuna nan: "ta Dogo". Na ɗauka sun gyara tuntuni.

Laraba, 8 ga Oktoba

Maigida ya ce, "Ke da wa za ki yi shari'a? Ƙwallo ce fa, ba gadon marayu ba." Mu dai da aka koya mana karatu, ko wasali ɗaya ka ƙara a allo sai ka wanke ka sake.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Auta ya kawo rigar wasansa in ɗinke lambar baya. Gwiwarsa ta sake kumbura. Shekara uku ke nan ina roƙonsa ya ajiye sandar nan tun yana iya sujada ba kujera. Na zuba masa shayi, na buɗe masa shafin.

Ya daɗe yana kallo. "Yaya, duk duniya ke kaɗai ce ke rage mini ƙwallo." Na ce ban rage ba, Autana, su ne suka ƙara. Wai shekara shida, Dogon ma ya manta. Na ce, ka tambaye shi?

"Ban taɓa ɗaga kofi ba, saura kwana takwas, yanzu kika ga ya dace?"

Ya bar shayin, ya bar rigar. Ni da na goya shi, yau ko sallama.

Asabar, 11 ga Oktoba

Bai kira ba.

Litinin, 13 ga Oktoba

Na haɗa hannun rigar wata baiwar Allah a juye, sai da na farke.

Dogo aka aiko karɓar rigar. Sai da ya sunkuya ya shigo shago. Na tambaye shi kai tsaye, ya yi ta dariya. "Yaya Babba, tawa ce mana, har a kafaɗa na ji ta. Amma ni goma sha ɗaya gare ni duk rayuwata. In ta zama sha biyu, wa zai faɗa a rediyo?" Wai in bar su su ɗauko kofi kawai.

Da ma ce mini ya yi ya manta. Yanzu mu uku ne muka sani, biyu na dariya ko fushi, ni kaɗai abin ke ci.

Alhamis, 16 ga Oktoba

An buga riguna da 200 a ƙirji, tun ba a yi wasan ba. Maigida ya sayo ɗaya, ta matse masa ciki, yana ta kai-kawo a gabana da gangan. Allah ya ba ni haƙuri.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ɗaya da ɗaya, saura minti biyu. Ƙwallo ta sami Auta a cikin da'ira, gola ya fito ya zame. Raga a buɗe. Fili duka ya miƙe. Sai ya tura wa Dogo. Dogo ya taɓa, ta shiga.

Sun ɗauki kofin, alhamdulillah. Auta ya ɗingiso har bakin wayar da ta kewaye fili, gumi na zuba, ya ce, "Na mayar masa da abarsa, Yaya. Rufe littafin, na daina."

Wa ya ce masa haka ake yi? Cewa na yi a gyara rubutu, ban ce a yar da ƙwallo ba! Da ya buga, da 199 ce ta halal. Yanzu can 199, nan 198, kuskuren na nan inda yake, ga riguna sun tashi a banza. Maigida ya ce an ji muryata har bencin ƙarshe ina cewa "Buga!" Ban tuna ba. Ba halina ba ne.

Talata, 21 ga Oktoba

Na je awon jini, na yi kiciɓis da likitan da ke duba gwiwar Auta. Tambaya kawai na yi. Ya ce in an yi aiki, ya huta wata huɗu, wataƙila ta ɗauki kakar wasa ɗaya.

Na ja layi biyu a ƙasan 198, wurin rubuta ƙwallo biyu. Rula ce ke kusa, shi ya sa.

Na tura masa saƙo: "Autana, ƙwallo biyu ai ba yawa. Ka ba ni amsa da wuri."