Lambobin Da Na Sa Wa Hannu A Labon Arlit

Zuwa ga Mai Girma Babban Darakta na kamfanin haƙar yuraniyom da na yi wa aiki a Arlit.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya tare da iyali. Sunana Lawali Isufu, mutumin Damagaram, tsohon ma'aikacin labonku, wato ɗakin awo. Na rubuto sau biyu ta ofis ban ji amsa ba, shi ya sa na fito da maganar fili.

Na farko, aikina. Kowane ma'aikaci yana da baj da yake maƙalawa a ƙirji. A cikinsa akwai wani ɗan dutse kamar ƙwayar gishiri, mai shan tururin yuraniyom da ido ba ya gani. Ƙarshen wata ana kawo mini bajojin, in gasa ɗan dutsen cikin na'ura. Idan ya ji zafi sai ya saki haske kaɗan ƙwarai, wani bututun gilashi kuma ya ƙirga ƙwayoyin hasken. Yawansu shi ke nuna abin da jikin mutum ya sha. To, babu bututun da ke ganin kowace ƙwaya, kuma yana tsufa ganinsa yana raguwa. Dole lokaci-lokaci a gwada shi da bajojin da aka riga aka san abin da ke cikinsu, a gane nawa yake kamawa, nawa ke kuɓuce masa. Wannan gwajin muke kira etalonaj. In babu shi, lambar da na'ura ta bayar zato ce kawai.

Na biyu, ƙanena Habu. Shekarar da fari ya cinye mana gero da bisashe, ni na aika masa ya taho. Ni na kai shi wurin shef, wato shugaban aiki, aka sa shi sashen da ake niƙa dutse. Nan ya yi aure, matarsa Zainabu ta haifa masa 'ya'ya uku. Duk wata yakan leƙo ta tagar labo, fuskarsa fari fat da ƙura, ya ce, “Yaya, lambata fa?” In duba rajista in ce masa tana ƙasa, ya kwantar da hankalinsa.

Na uku, abin da ya faru da na'urar. Da kasuwar yuraniyom ta faɗi, aka rage ma'aikata, aka rage komai. Injiniyan da ke zuwa da bajojin gwaji sau biyu a shekara ya koma sau ɗaya. Da tawaye ya tashi, hanyar Agadas ta zama sai da rakiyar soji, ya daina zuwa gaba ɗaya. Sai na lura lambobi suna ta sauka, alhali ƙurar luzin, wato masana'antar, tana nan yadda take, mutanen kuma aikinsu bai canja ba. Na rubuta wa shef ɗin labo takarda cewa ina zargin bututun ya gaji. Ya karanta a gabana, ya ce ƙasa ba lafiya, in ci gaba da aiki har hanya ta buɗe. Na ci gaba. Ina da iyali, ana korar mutane kowane mako, na ji tsoro. Wannan laifina ne, ba na ɗora wa kowa shi.

A cikin wannan lokacin Habu ya fara tari. Ya roƙi a canja masa sashe. Lokotoro, likitan kamfani, ya buɗe dosiyensa, wato fayil ɗin takardunsa, ya ga lambobi ƙanana wata bayan wata, kowace da sa hannuna a gefenta, ya ce babu dalilin canji. Habu ya zo gida bai yi fushi ba. Cewa ya yi tunda ni na auna, ya yarda.

Da aka yi sulhu injiniya ya dawo. Ina tsaye ya sa bajin gwaji na farko, ya dubi lamba, ya sake sa wani, ya sake. Kafin la'asar ya cire bututun ya sa sabo, ya rubuta rahoto. Daga nan lambobin mutane suka haura. Tsofaffin lambobin kuwa ba wanda ya taɓa su. Na tambaya, aka ce abin da ya wuce ya wuce.

Habu ya yi jinya mai tsawo. Ƙarshenta ko buta ba ya iya ɗagawa, ni nake yi masa alwala. Na sha buɗe baki zan gaya masa, sai in kasa. Ya rasu bai sani ba. Zainabu ta kwashe yara ta koma Damagaram, har yau tana gaishe ni da girmamawa, tana gode mini da na tsaya masa.

Ranka ya daɗe, ni ba likita ba ne. Ba zan rantse cewa da lambar ta fito daidai da Habu yana raye ba, kwana na Allah ne. Abin da na sani shi ne an hana shi canjin sashe bisa lambar da ba gaskiya ba ce, kuma ba shi kaɗai ba ne.

Saboda haka ina roƙon abu uku. A fito da rahoton injiniyan, a sake lissafa lambobin shekarun nan da shi, aiki ne da ba zai wuce 'yan makonni ba. A kira waɗanda ke raye a gaya wa kowa lambarsa ta gaskiya, a duba ƙirjinsu. Sannan a sa takarda a dosiyen Habu mai cewa awon da aka yi masa bai inganta ba, a aika wa matarsa da kwafi. In ana buƙatar mai karanta tsofaffin rajistocin, rubutuna ne, ina nan Arlit.

Mutum uku daga sashen Habu suna zama kusa da tashar mota, ɗayansu ya fara tari. Kullum na wuce sai sun matsa mini wuri a kan tabarma. Ban taɓa gaya musu ba. A wannan takarda da na fitar fili za su ji, kuma gobe ta gabansu zan bi.

Allah Ya ba ka ikon yin adalci, Ya kare ka da zuri'arka, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu.

Wassalam.

Lawali Isufu, Arlit.