Doki Biyu a Sito

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon bayan nan naki? In har yanzu man maƙwabciyarki kike shafawa, to Allah ya ba bayan haƙuri.

Na cika alkawari, na saya wa Inna esi, na'urar sanyaya ɗaki. Kin san ni, ban shiga shago na nuna da baki kawai ba. Zama na yi da biro da takarda. Ɗakin Inna mita shida ne a tsaye, biyar a kwance, ban nemi awo ba tunda ni nake goge tayil ɗinsa tun ina firamare. Na ƙara da tagar yamma da rana ke gasawa daga azahar, da rufin kwano, da jikoki in sun taru. Lissafi ya ba ni mai ƙarfin doki biyu.

Mai shagon ya so ya ɗora min doki uku, wai babba ba ya laifi. Na zaunar da shi. Wanda ya yi wa ɗaki kaɗan zai wuni yana nishi bai sanyaya komai ba. Wanda ya yi yawa kuma zai daskarar da ɗakin nan da nan ya mutu, ya tashi, ya mutu, ya bar iska da danshi kamar cikin randa. Ya tambaye ni ko injiniya ce ni. Na ce a'a, digirina ne dai ba na ado ba.

Na sa an kai a mota, ƙaninmu Auta zai nemo mai haɗawa. Jiya mun yi wayar bidiyo da Inna, tana zaune gaban koren labulenta kamar kullum, tana ta sa albarka har sai da na ji kunya.

Ki shafa min kan yara.

Ƙanwarki,
Uwar Lissafi

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kun wuni lafiya. Ni dai ban wuni ba.

Inna na tari, kwana tara ke nan, likita ya ce sanyi ne ya kama mata ƙirji. Ba daga bakin Auta na ji ba. Mai haɗa esin ne ya koma duba aikinsa ya tarar da ita haka, ya kira ni, lambata ya gani a jikin kwali. Bayan gaisuwa ya ce yana da tambaya, in ba zan ji haushi ba: mutum nake son a sanyaya ko kifi?

Na hau shi da lissafina, har da tagar yamma. Ya bari na gama. Ya ce shekararsa goma sha takwas a wannan sana'a, da tef ɗinsa ya auna, ɗakin da ya saka na'urar mita uku ne da biyu, a kan gadon tsohuwar ya kafa tsani don babu wurin ajiye shi a ƙasa. Ya gaya wa Auta abin ya yi yawa, Auta ya ce ya saka kawai, kuma kada ya kira kowa. Shi dai ya kasa sakewa da maganar, don shi ma yana da uwa.

Na ce gidan wasu ya shiga. Sai na tambaye shi ko akwai koren labule. Ya ce akwai, an kafe shi da ƙusa a bango, kuma ya ɗaga ya duba don neman inda zai fitar da bututu, babu taga a bayansa.

Yaya, ɗaki ɗaya ne mai wannan awon a gidanmu. Sito ne, inda Baba, Allah ya jiƙansa, yake ajiye keke da tsofaffin jaridu.

Na kira Auta sau huɗu. A na biyar ya ɗauka ya ce babu sabis, da murya tangararau. Asabar zan tafi.

Ƙanwarki,
Uwar Lissafi, wadda aka ce ta faɗi jarrabawa

Yaya,

Gaisuwa irin ta kullum. Ki zauna kafin ki karanta, saboda bayanki.

Na same ta a sito. Rana tsaka, waje kamar tanda, Inna na cikin bargo biyu da safar Baba a ƙafa, bango na tsattsafo da ruwa, tabarmar sallarta har ta fara wari. Dokina biyu na kanta yana hura mata sanyi kai tsaye. Na ce me ya hana ta kashewa. Ta ce ita ba butulu ba ce, 'yarta ta aiko da abu daga nesa, sai ta mai da shi ado? Na kashe da hannuna. Ta yi ajiyar zuciya, ta ce ai dama yanzu take shirin sabawa.

Babban ɗakin kuwa, kekunan ɗinkin Auta uku ne a ciki, da teburin yanka, da yaduddukan mutane har rufi. An rushe masa shago lokacin da aka faɗaɗa titi. Shekara biyu ke nan. Shekara biyu, Yaya! Na shiga da niyyar cinye shi ɗanye, ya miƙe da almakashi a hannu, ya rantse ba shi ya roƙa ba. Inna ce ta kwashe kayanta da kanta ranar da ya fita neman wuri, ta ce in ya gaya mana ba ta yafe ba. Ita ta sa ya kafe labulen, don in mun kira mu ga abin da muka saba gani. Mu kuma 'yan boko muka gani, muka ce Inna kin yi kyau.

Ban gama farfaɗowa ba sai na tuna da ɗakinmu. Na ce ai akwai wani ɗakin, me ya sa ba a ba Auta ba? Inna ta zaro makulli daga bakin zaninta. Na buɗe. Gadajenmu biyu a gyare, zanen gado a goge, madubinki da kika fasa gefensa na nan a rataye, babu ƙura ko ɗaya. Auta ya ce duk mako take sharewa, ba ta yarda ko zare ya ajiye a ciki. Na tambaye ta dalili. Ta dube ni kamar na tambayi sunana, ta ce to in 'yan matanta suka zo fa, a ina za su sauka?

Na san faɗin ɗakin uwata har da rabin tayil, ban san ba ta cikinsa ba.

Mai haɗa esin ya zo da yamma, ya ce abu biyu ne, ko a canja na'ura a sa ƙarama, ko a canja ɗaki. Auta ya ce ƙaramar ta fi sauƙi. Inna ta ce ƙaramar ma ta yi mata yawa. Na ce na'urata daidai take, ban taɓa kuskuren lissafi ba, kuma ba zan fara a gaban ƙanina ba.

Na ba Auta ɗakinmu, da yawuna da naki, ban nemi izininki ba. Inna ta yi fushi, ta ce mun kore kanmu daga gida. Ta ƙi min magana har aka gama jan kekuna. Yanzu tana kan gadonta a babban ɗakin, labulen ya koma tagarsa, esin da aka mayar can na aiki a hankali ba ya mutuwa, tarin ma ya fara sauka.

Sai dai ta ce ba za ta huce ba sai ta ga inda za mu kwana. Na nuna mata ƙasa, gaban gadonta, wurin katifa biyu. Na sake lissafin a gabanta: ɗaki mita talatin, tagar yamma, mutum uku. Doki biyu ya isa cif.

Na ce mata kina tafe ƙarshen wata. Ki taho da katifarki da man maƙwabciyarki. Kada ki ɓata min lissafi.

Inna na gaishe ki, Auta ma, daga nesa.

Ƙanwarki,
Uwar Lissafi