Takardar da ke ƙarƙashin ƙafar tebur

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan wasiƙa ta same ka lafiya, kai da iyali. Allah ya ƙara wa gwiwarka sauƙi. Mu nan lafiya lau, in ban da bayana da ke kuka kamar tsohuwar ƙofa duk safiya. Mamansu ta ce in gaya maka ta daina shan sukari. Ni shaida ne ta rage cokali ɗaya cikin huɗu. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji huɗu muka rabu da boko, har yau kuma babu wanda ya nemi wani.

Saƙonka ya iso, tare da takardar canjin kwas da ka cike wa 'yata Auta, saura in sa hannu kafin ƙarshen wata. Ka ce ta bar injiniyancin mutum-mutumi ta koma haɗa magunguna, wai abin kunya ne 'yar da inji ya kori ubanta ta je jami'a koyon ƙera injin. Yaya, shekara hamsin da biyar ban taɓa ce maka a'a ba, har ranar da ka yi mini aski da almakashin ɗinki. Yau zan gwada, in ji yadda take a baki.

Ni aka kora, don haka bari in ba ka labarin. Shekara ashirin da biyu ina jera kwalayen sabulu a masana'anta, a ƙarshen bel ɗin da ke turo su. Suka kawo hannun ƙarfe, ba ya gajiya, ba ya zagayawa, ba ya gulmar manaja. Mu shida aka sallama. Bayan wata huɗu sai ga manaja a ƙofar gidana yana kirana Baba, mutumin da bai taɓa sanin sunana ba. Ashe hannun ya sandare a sama da kwali a bakinsa. Aka mayar da mu, sati uku muna jerawa kamar da, ana jiran wani daga ƙasar waje. Ya zo da 'yar jaka da kwamfuta, aka ba shi kujera, aka juya masa fanka, manaja na tsaye a kansa riƙe da ruwan sanyi. Kafin rana ta raba ya gama, aka sake sallamar mu. Wallahi ban ji haushin injin ba. Kujerar nan nake kallo, ina cewa ina ma ɗan cikina ne a kai.

Yanzu Auta tana shekara ta biyu. Teburinta a kusurwar falo cike yake da wayoyi da ƙananan motoci, gidan duk ƙaurin dalma. Ta ce masu wannan karatu suna aiki a masana'antu, asibitoci, har gonaki: wasu su ƙera, wasu su rubuta wa injin hankali, wasu su gyara. Na gyaɗa kai kamar na gane, alhali lissafin nata ko lamba babu, haruffa ne zalla. Amma watan jiya ƙaramin hannun da suke haɗawa a aji ya yi ta murƙushe kwali, sai ta zo ta tambaye ni yadda nake ɗauka. Na nuna mata ta kusurwa ake kamawa, ba a ciki ba. Suka gyara, ya yi. Malaminsu ya tambayi wanda ya koya mata, ta ce babanta. Ni, mai aji huɗu! Kwana biyu Mamansu ba ta iya da ni ba.

Saboda haka ba zan sa hannu ba. In fushi za ka yi, da ni za ka yi, kada ka kira yarinyar ka sa ta kuka. Takardarka kuwa ba ta lalace ba. Ƙafar teburinta ɗaya gajera ce, yana rawa duk lokacin da take liƙa waya. Na ninka takardar huɗu na cusa, ya tsaya cak. Ka taimaka wa karatunta fiye da yadda ka yi niyya, mun gode.

Ka gaida Anti, da Dogo da matarsa, da Gwaggo in tana jin waya. Mamansu na gaisuwa, ta ce in rubuta cewa babu ruwanta, amma ita ta ɗaga mini teburin.

Ƙaninka,
Baban Injiniya