Ƙafar Kalilu

Zuwa ga ƙanena Hamma a Aliero. Ina gida, ina matarka Gudiya? Mu nan Ikko sai godiya.

'Yan ƙwallon wurin aikinmu sun ci kofi, ɗanka Kalilu ne ya jefa ƙwallo raga. Jiya anka zagaya gari da kalangu ana kiran sunanshi. Mu ta taga munka kalla, don ƙafarshi ta karye a wasan. Ya ce, "Baffa, ka ga kofinmu?" Na ce, "Na gani, bai kai tulun uwarka ba."

Na ɗora ƙashin yadda mahaifinmu ya koya muna, amma zai daɗe bai taka ba. Nemi wani mai taya ka ban ruwan albasa bana a madadinshi. Gudiya kuwa, labarin kofin kaɗai za ka ba ta.

Yayanka, Usmanu.