Tsirkiya ta Uku

Papaikou, 4 ga Fabrairu, 1984

Ƙanena Likeke,

Gaisuwa mai yawa daga gare ni, da 'yata Pomai, da jaririyarta Anuhea. Ina fata kana lafiya, da aiki, da sanyin hamadarku. Mu nan ruwa ake yi kamar kullum. Takarda na zaɓa saboda wayar gidan nan tana kusa da kujerar Baba, kuma kunnensa bai tsufa ba.

Ga maganar. Amosanin gaɓɓai ya gama da hannunsa na hagu. Yatsun sun lanƙwashe, ba sa iya danne tsirkiya. Tun Kirsimeti bai taɓa jitarsa ba. A watan Yuni Anuhea za ta cika shekara, za mu yi mata walima, kuma babu ɗan da ya cika shekara a gidan nan Baba bai yi masa kiɗa ba. Jiya ya ce bana a ɗauko makaɗan haya.

Ka san abin da hakan ke nufi. Ɗaurin gidanmu, wato yadda ake ɗaure tsirkiyoyin nan shida har su ba da amon da babu shi a wani gida, a kansa kaɗai yake. Daga kawunsa ya karɓa. Bai ba ni ba, bai ba ka ba, kullum wai kunnenmu bai nuna ba. Kuma da ya gama kiɗa sai ya murɗa kunnuwan jitar ya sassauta, kada wani ya ɗauka ya gane. In ya daina kiɗa, ɗaurin ya tafi ke nan.

Mafita ɗaya na gani: jitar cinya. Ba a danne ta, guntun ƙarfe ake ja a kan tsirkiyoyin. Na gwada shi bai sani ba, na miƙa masa kwalbar barkono a tebur, ya riƙe ta gam da hannun. A Hilo abin da na samu ko mai lantarki, wadda ba zai kalla ba, ko ta itacen koa mai kuɗin mota. Amma na karanta cewa kafin yaƙi an ƙera masu arha da yawa a can wajenku don 'yan koyo, kuma suna nan zube a shagunan jingina. Ka nemo mana ɗaya.

Ka huta lafiya.

Yayarka,
Ululani

Las Vegas, 15 ga Fabrairu

Yaya Ulu, uwar gyaran rubutu,

Aloha daga ƙasar da ba ta san ruwa ba! Ina gaishe ki, ina gaida Baba, a sumbatar min ƙafar Anuhea. Wasiƙarki ta zo kamar shafin farko na jaridarku, saura hoto kawai.

Amma Yaya, shagon jingina? Uban namu? Mutumin da wani malamin jami'a ya zo da na'urar ɗaukar murya tun daga Honolulu, ya ba shi kofi, ya sassauta tsirkiya a gabansa yana murmushi? Shi za a ɗora wa katakon 'yan koyo a cinya? Haba. Koa za a saya masa, itacen tsibirinsa. Ni nake ajiye motocin mutanen da suka zo zubar da dukiya a otal ɗin nan, in na ƙara aikin Asabar da Lahadi zuwa Mayu na haɗa. Ki je ki ce wa mai shagon ya ajiye mana.

Kada ki ce min a'a da jan biro.

Autanku,
Likeke

Papaikou, 24 ga Fabrairu

Likeke,

Muna lafiya, muna gaishe ka. A'a, kuma da baƙin biro.

Ba rowa ba ce. Ka tuna ƙwaryar koa da aka ba Mama ranar aurenta. An taɓa zuba poi, tuwon gwazan nan namu, a ciki? Tana cikin kabad har yau, Baba na goge ta ranar Lahadi. In ka kawo masa jitar koa zai rataye ta kusa da hoton Mama, ya riƙa nuna wa baƙi. Ni wadda zai ɗora kofin shayinsa a kai nake so.

Ga abin da za ka duba. Wuyanta ya zama mai kusurwa, mai kauri, ba zagayayye ba. Tsirkiyoyin su yi sama sosai da wuyan. In mai shago ya ce aibi ne, kada ka yi masa gardama, ka bar shi ya rage kuɗi. Ka kwantar da ita ka hango fuskarta daga gefe, kada ta yi kumburi a inda tsirkiyoyin suka kafu. Ka ƙwanƙwasa bayanta, in wani abu na karkarwa a ciki manne ya saki, damshin nan namu zai ƙarasa ta. Kunnuwan su murɗu ba da kokawa ba. Sai ka zauna ka ɗora ta a cinya, ka ja ƙarfe, ka rufe ido. Kyawunta ba ruwanmu.

Allah ya ba da sa'a.

Ululani

Las Vegas, 20 ga Maris

Yaya Ulu,

Gaisuwa da albishir! Na bi shagunan jinginar garin nan har ƙafata ta yi kanta. Kin san a nan mutum sai ya jinginar da haƙoransa. Na ga zobban aure cike da faranti, na ga ƙaho, na ga ƙafar roba.

Biyu na samu a shagon wani tsoho mai sigari a baki. Ɗaya baƙa, mai kamun kai, irin wadda za ki so. Na ƙwanƙwasa, sai na ji kamar da tsakuwa a cikinta. Ɗayar kuwa, Yaya, ki zauna tukuna. An zana mata bishiyar kwakwa da wata da yarinya mai rawa, kuma wanda ya yi zanen bai taɓa ganin kwakwa ba, ta fi kama da tsintsiya. Tsohon ya ce wuyan ya lalace, tsirkiya ta yi sama, ba mai iya danne ta. Na ce ai kuwa, abin tausayi. Na ɗora ta a cinya na ja ƙarfe, na rufe ido kamar yadda kika ce. Da na buɗe, tsohon ya cire sigarin daga bakinsa.

Kuɗinta bai kai na tayar mota ba, har da akwati da ƙarfen. Shi ya shirya ta da kansa, ya cusa jaridu, ya ɗaure. Tana hanya. Ki bar Baba ya buɗe da hannunsa, ki gaya min yadda fuskarsa ta yi.

Naki mai biyayya sau ɗaya a shekara,
Likeke

Papaikou, 9 ga Afrilu

Likeke,

Ina gaishe ka. Jitar ta iso lafiya, ko ƙwarzane babu, kuma zaɓinka ya yi. Sai dai an samu matsala, zan faɗa maka yadda ta faru.

Na ajiye akwatin a gabansa a baranda. Ya buɗe, ya ga zanen, ya yi dariyar da rabon da in ji ta tun bara. Ya ce, "Wannan yarinyar da wa take rawa, da tsintsiya?" Sai ya kai babban yatsa kan tsirkiyoyin. Duka shida a sake suke, suna lilo. Dariyar ta tsaya. Ya rufe akwatin a hankali ya ce, "Wato yana da nasa ɗaurin yanzu. Ya ɓoye min."

Na ce, "Baba, mai shago ne. Duk jitar da za a sa a gidan waya sai an sassauta ta, kada wuyan ya karye a hanya."

Ya ce, "Mai shago bai san gidan da za ta ba. Ɗana ya sani."

Na kawo masa littafi daga laburare inda aka rubuta haka ɓaro-ɓaro. Ya ce shi ma mai littafin ba ɗan gidan nan ba ne. A wajensa, ba a sassauta tsirkiya sai a gaban baƙo, kuma kai ka aiko masa da ita a sake har cikin barandarsa. Akwatin na ƙarƙashin gadonsa. Ya tura Pomai ta tambayo kuɗin makaɗan haya.

Bayani ya ƙare min, kuma ka san ba kasafai yake ƙare min ba. Kada ka kira waya ka ba shi haƙuri, zai ce ba komai, shi ke nan an binne maganar. Ka yi tunani ka rubuto.

Yayarka,
Ululani

Las Vegas, 18 ga Afrilu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na karanta a wurin ajiye motoci, na yi dariya, daga baya ta ƙi fita. Ina tsaye tsohon mai shagon ya murɗa kunnuwan ya sassauta, har na riƙe masa akwatin, ban tuna abin da hakan ke nufi a gidanmu ba. Shekara ashirin a hamada, ga abin da take yi wa mutum.

To, ya ce na ɓoye nawa. Sai a nuna masa nawa, a fili.

Kin tuna ranakun Lahadi bayan coci, in ya shiga rumfar bayan gida ya rufe ƙofa zai ɗaure jita? Ke kina ɗaki da littafi. Ni ina kan bishiyar mangwaron da ke jikin rumfar, kuma ba mangwaro nake ci ba. Tsirkiya biyar na kama. Ki ɗaure ta irin ɗaurin nan da kowa ya sani, wanda ake kira gonar gwaza, sai ki sauke ta sama da ta ƙasa su koma murya ɗaya da ta huɗu, ɗaya siririya ɗaya mai kauri. Ta uku ce ban taɓa kamawa ba, da ya zo kanta sai ya yi tari ko ya ja kujera. Ina jin ya san ina sama. Ki bar ta yadda take a gonar gwaza. Na san ba daidai ba ne.

Ki ɗauko ta da rana, a gaban mutane, ki ce ga ɗaurin Likeke, bai ɓoye wa kowa ba. Sai ki yi ta kaɗawa. Mutumin da ke tashi daga bencin coci in mai molo ya kauce, ba zai iya zama kusa da wannan tsirkiyar ba. Na rantse da tsintsiyar yarinyar nan.

Autanku,
Likeke

Papaikou, 7 ga Mayu

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa. Ga rahoto.

Ranar Asabar mijin Pomai da 'yan'uwansa suka zo gyara ramin da za a gasa aladen walima. Gida cike da surukai. Na jawo akwatin, na ɗaure ta yadda ka ce, na zauna a matakalar baranda, Baba na kan kujerarsa yana ba masu haƙa umarnin da ba su nema ba. Na ce da ƙarfi, "Ga ɗaurin Likeke. Ya ce kowa ya ji."

Na kaɗa shidan a jere. Bai juyo ba. Na sake. Ya ce wa surukin, "Ramin nan ya yi faɗi." Na ja ƙarfen na fara waƙar da yake yi wa yara ranar cika shekara, kuma duk inda ta bi ta kan ta uku sai ta yi tsami kamar poi na mako guda. Na ga kafaɗarsa tana tashi.

"Wane kurma ne ya ɗaure wannan?"

"Ɗanka."

"Sake kaɗawa. Ɗaya-ɗaya."

Na kaɗa. Ya ce, "Biyar ɗin ɗaurina ne. Ɓarawon kan mangwaro." Wallahi yana ƙoƙarin ɓoye murmushi.

Na ce, "Shi dai ya ce haka yake, kuma haka zan kaɗa wa Anuhea ranar walima, tunda babu mai yi."

"A gidana? A gaban dangin mijinta?"

Ya jawo kujerarsa. Ka san hannunsa na dama lafiyarsa lau, da ya so da ya murɗa da kansa ya juya min baya. Bai yi ba. Ya ce, "Kama kunnen ta uku. Sauke. Ƙara. Ke, a hankali, ba famfo ba ne. Tsaya." Na kaɗa shidan tare, sai ga gidanmu ya fito daga cikin katakon 'yan koyo. Masu haƙa suka dogara da shebur.

Ya karɓe ta ya ɗora a cinya. Ƙarfen ya zauna a lanƙwasar yatsun nan kamar don su aka yi shi. Da farko ya yi ta kaucewa yana zagin ƙarfen, yana zagin yarinyar zanen. Kafin a kira cin abinci ya kai waƙar ƙarshenta. Yanzu kullum da safe yana baranda da ita, kuma jiya na ga zoben kofin shayi a kan bishiyar kwakwar.

An fasa makaɗan haya. Ya karɓi takarda da biro a wurina, ya ce ba ruwana da abin da zai rubuta, kuma kada in gyara masa. Tana cikin ambulan ɗin nan.

Yayarka,
Ululani

Likeke,

Ina gaishe ka. Jitar mummuna ce. Muryarta ta yi.

Yayarka ta san ta uku yanzu. Na hana ta rubuta maka, ba a aika wannan ta gidan waya.

Walima ranar Asabar ta biyu a Yuni. Jitar tana jingine a baranda, a ɗaure. Ban sassauta ba. Ka zo ka ɗauka ka ji da kunnenka.

Ubanka,
Iokepa