Mazaunin Kawu a Gindin Jirgi

Daren Talata, da kaka, shekarar 'yancin kai

Raina a ɓace yake. Shanuna na sayar na sayo injin nan don jirginmu na ruwa ya riƙa kai 'yan kasuwa iyakar Dahome da wuri. Yau za a ɗaura shi, Kawu Manu ya zauna a gindin jirgi, inda ake ɗaura inji, ya ƙi tashi, wai nan mazaunin babba ne.

Na ce, "Kawu, inji ba ya aiki a goshin jirgi."

Ya ce, "Ni ma haka, ɗana."

Matuƙan da suka naɗa ni shugaba babu wanda ya goya mini baya. Masu shinkafa suka kwashe buhunansu, suka shiga jirgin wasu.

Gobe shi zan miƙa wa igiyar tayar da injin. In ya kife da mu, ai daga mazauninsa ne.