Na Kai Littafinka Cheras, Kawu

Zuwa ga kawuna, Malam Sale Tafinta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce daga ɗan ƙanwarka Bashir, da fatan za ta same ka lafiya, kai da Inna Rabi da duk mutanen gida. Yaya idon? An ce min yanar ta ƙaru. Allah Ya sawwaƙe.

Shekara biyu ke nan ba ka ɗaga wayata, shi ya sa na rubuta a nan shafina na sada zumunta inda kowa zai gani. Na roƙi maƙwabcinmu Malam Habu ya karanta maka a majalisar ƙofar gida bayan La'asar. A gaban mutanen nan na ci mutuncinka, a gabansu nake so a ji wannan.

Ranar sunan jikanka ce. Ana musu kan wata shari'a da aka ji a rediyo, ka faɗi naka, na ce ba haka ba ne. Ka ce, yaro, shekara talatin na yi ina tafinta a kotu. Ni kuma 'yan littattafan gwanjon da na karanta sun kumbura min kai, na ce shekara talatin dai kana aikin aku, kana maimaita Latin ɗin lauyoyi, ko zaginka suke yi ba ka sani ba. Wasu suka yi dariya. Ka laluba takalmanka ka shiga gida. Kai da ka riƙe ni tun rasuwar Umma.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Ƙaramin littafinka mai baƙin bango, wanda kake rubuta kalmomin Latin na kotu a ciki, wanda Inna Rabi ta birkice ɗaki tana nema, ni na ɗauke. Niyyata in koyi yaren in zo in lissafa maka kurakuranka ɗaya bayan ɗaya.

To ga ni a Kuala Lumpur. Na rufe shagon gyaran waya na wata guda, na sauka wajen abokina Nura da ke digirinsa na uku, a unguwar Danau Kota. Ranar da na iso, ɗaliban da yake zama da su a mamak, wato shagon shayin da suke hira, suka yi min caa. Wai mutane na zuwa nan sarin kaya ko neman digiri, ni na tsallako teku koyon yaren matattu. Na ce musu matattun sun fi su rubutu mai ma'ana. Bakin nan dai, Kawu, yana nan yadda ka san shi.

Malamar da na samu ta koya min Latin wata tsohuwa ce 'yar asalin Indiya, Madam Selvi, ta yi ritaya, tana karantar da mu bakwai a falonta a unguwar Cheras lokacin hutu. Kullum sai na hau bas, sannan jirgin ƙasa. Makon farko hadda na yi ta yi irin ta allo, ina rangaji gaba da baya, har wata 'yar China da muke aji ɗaya ta tambaye ni ko cikina ke ciwo.

A mako na uku ta fito da wani salo. Za ta karanta jimla da Latin, kai kuma ka miƙe tsaye ka juya ta da Turanci nan take, ba ƙamus. Ni aka ba maganar wani manomi a gaban alƙali. Na ce wannan ai shan ruwa ne. Jimla ta uku na kakare, sai na cike gurbin da nawa, na sa manomin ya zazzaga wa alƙali masifa. Ta ɗaga hannu ta ce ba a tambaye ka ra'ayinka ba, mutumin nan ba shi da baki sai naka. Minti biyar na yi a tsaye, fanka na kaɗawa, rigata ta jiƙe sharkaf. A nan na tuna yadda kake dawowa daga kotu, ka sha ruwa kofi biyu, ba mai jin muryarka sai bayan Magariba. Da ina cewa miskilanci ne.

Duk da haka ban haƙura ba. Ranar Talata na jira kowa ya fita, na miƙa mata littafinka na ce ta duba min kurakurai. Ba ta jin Hausa, dole na zauna ina juya mata bayananka da Turanci. Wato na zama tafintanka.

A gaban sine die ka rubuta: an ɗage, babu rana, gaya wa mai ƙara ya koma ya yi shukarsa, kada damina ta wuce shi a barandar kotu. A gaban prima facie ka rubuta: da alama a kallon farko, amma ba a gama ba, kada ka bari iyalinsa su fara kuka.

Ta cire tabarau ta ce wa ya koyar da shi? Na ce babu. Sai a lokacin na lura da kwanakin watan da ke gefen kowace kalma, da gyaran fensir a kan gyara. Kana jin kalma, ka kalli abin da ya sami mutumin da aka faɗa wa, ka rubuta, ka jira har ta sake fitowa ko bayan shekara ne, ka gyara. Lauyoyin da ba su taɓa kiranka da sunanka ba, sai dai su ce kai tafinta, ko ɗaya bai tsaya ya yi maka bayani ba.

Mun kai yamma muna bi. Kuskure biyu ta samu a littafin gaba ɗaya, kuma duka biyun ka riga ka sa musu alamar tambaya da hannunka.

Ta rufe littafin, ta miƙo min da hannu biyu, ta ce wannan ba da izini ka ɗauko shi ba, ko? Na karɓa da hannu biyu na sa shi a jaka.

Kawu, ka yafe min. Ba don na koyi wani abin kirki ba, wata guda ba ya mai da mutum malami. Don dai ba ni da wani uba bayan kai, kuma ina tsoron idon nan ya rufe ba ka sake kallona ba.

Jirginmu zai sauka Kano ranar Alhamis. Juma'a bayan La'asar zan zo da littafin in tsuguna a bakin tabarmarka. In ka karɓa ka yi shiru, zan tashi in dawo Asabar. In ka ce in ɓace maka da gani, ba zan mayar da ko kalma ɗaya ba, su Malam Habu ne shaida.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya haskaka idonka, Ya saka maka da alheri kan kowane talakan da ka ara wa baki. Allah Ya ji ƙan Umma. Ni kuma Allah Ya shirye ni, Ya sa wa harshena linzami.

Ɗanka, in ka yarda har yanzu,
Bashir